Tabon Allura a Hannun Kawu

Daga Allah muka zo, gare Shi za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ƙanen mahaifiyata ne, shi kaɗai ya rage a ɗakinsu. Ranar wata Laraba da hantsi ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gidansa da ke nan Birnin Gwari, kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa.

Mu uku muka yi masa wanka: na'ibin limamin unguwarmu, da ni, da wani ƙanena wanda ya tashi a Kaduna, bai san Kawu sosai ba. Da muka ɗaga hannunsa na dama sai ga ƙananan tabo, daga gwiwar hannu har bayan tafi, kamar an watsa gero a kan tabarma. Na hagu ma haka. Ƙanena ya dube ni, na kawar da kai. Sai da muka gama sa likkafani ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, wannan fa? Wallahi irin wannan a hannun yaran da suke yi wa kansu allurar maye nake ganinsa."

Na'ibi ya ji shi. Ya ce, "Mai wanka ba ya fita da abin da ya gani a jikin mamaci, sai in alheri ne."

Na ce, "Malam, wannan alheri ne."

Tunda an ba ni izini, zan faɗa. Sana'ata masara ce: in saya a Kuyello da Kusasu, in tara a sito, in loda wa masu zuwa daga nesa. Na saba da auna abu kafin in yaba shi, kuma haka zan yi wa Kawu, don shi ma ba ya son zuƙi.

Kawu ya yi yawancin rayuwarsa yana koyarwa a wata makarantar koyon aikin lafiya a wajen garin nan. Da ya yi ritaya ya dawo gida, muka ɗauka zai huta. Ina! Zaurensa ya koma aji. Yaranmu da suke karatun jinya da unguwarzoma, in sun zo hutu ko an turo su gwajin aiki, can suke taruwa bayan la'asar, kuma bai taɓa karɓar komai a hannunsu ba.

A zaman makoki baƙi sun fi dangi yawa. Ma'aikatan lafiya ne na ƙauyuka, wasu a kan babur, ta hanyoyin da yanzu ba kowa yake binsu don gaisuwa kawai ba. A cikinsu akwai wata ungozoma daga wajen Kuyello, Bagwariya, Kirista, ta manyanta. Ta fito daga wajen mata ta durƙusa a bakin rumfarmu.

"Alhaji, yaya haƙuri? Babanmu ya tafi."

"Haƙuri ya zama dole. Allah ya ba da lada."

Ba ta tashi ba. Ta naɗe hannun rigarta ta dafa cikin gwiwar hannunta na hagu. "Nawa yana nan a jikinsa, daidai nan. Sau biyu ina huda shi ban samu jijiya ba. Ni ina kuka, shi yana tambayata wai doyarmu ta yi kyau bana?"

Wani mai furfura a cikin maza, ma'aikacin wani ƙaramin asibiti, ya ce, "A'a, Mama, hagu nawa ne. Na riga ki shiga makaranta."

"Kai bayan hannu ya ba ka. Kowa ya san ka kumbura masa shi kamar ƙosai."

Aka fashe da dariya a wurin makoki, sannan kowa ya ji kunya ya koma jan carbi. Na dubi ƙanena, kansa yana ƙasa.

Abin da suke nufi shi ne wannan. Ɗalibin aikin lafiya sai ya koyi nemo jijiya da allura, don ɗibar jini ko sa ƙarin ruwa. A makaranta da hannun roba ake fara koya musu. Kawu ya ce roba ba ta cewa wayyo, kuma ba ta yafewa, don haka ba ta koyar da komai sai rabin aiki. Duk ɗalibin da ya ga hannunsa yana rawa, sai ya ware shi, ya sayo sababbin allurai, ya zauna a 'yar gajeriyar kujera, ya miƙa masa nasa hannun. Ba kowa yake ba wa ba. Masu ƙarfin hali sukan koya a kan junansu. Hannun Kawu na matsorata ne, kuma a tsawon shekarun da ya yi yana koyarwa matsoratan sun taru.

Yana da ƙa'idoji da ba ya saɓawa. Ba ya tsayawa a bayan ɗalibi. Yakan ce wanda aka tsaya masa a ƙeya, rabin hankalinsa yana ƙeyar. Shi ya sa kujerarsa gajeriya ce, don ɗalibi ya riƙa kallonsa daga sama. Kuma in an kuskure jijiya ba ya cewa, "Me ya sa?" Tambayarsa ɗaya ce kullum: "Me yatsanka ya gaya maka?" Sai yaro ya bar tunanin laifinsa ya koma tunanin jijiyar.

Kada wani ya ɗauka sakaci ne da shi. Ungozomar nan ta gaya mana cewa shi da kansa ya taɓa kayar da ita a jarrabawa, don ta taɓa mara lafiya ba ta wanke hannu ba. Ta ce, "Da safe ya kayar da ni, da yamma ya aiko a kira ni in ci tuwo a gidansa. Na je ina fushi. Ina zama ya turo mini ruwa da sabulu, ya ce, 'Yanzu dai kya wanke.'"

Rana ta uku wani dattijo ya zo daga Zariya, abokin aikin Kawu ne tun suna samari. Bayan an yi addu'a ya ce mini, "Ni fa ban taɓa yarda da hanyar marigayi ba. Shagwaɓa yara yake. Mun yi shekaru muna wannan faɗan a ofis ɗaya. Nawa ɗaliban tsorona suke ji, kuma suna ci."

Na ce, "To Malam, wa ya fi wani a cikinku?"

Ya murza hularsa. Ya ce, "Masu kai ko a hannun wa suka faɗa za su ci. Na ƙasan aji ne ake gane malami da su. Nawa na ƙasan sukan ɓace, ban san inda suke ba. Nasa ga su nan sun cika maka rumfa." Ya ƙara da cewa, "Kuma ban taɓa samun ɗalibin da ya dawo ya ce mini, 'Malam, na yi kuskure a kan mara lafiya, yaya zan gyara?' Ba su iyawa. Shi kuwa har ya tsufa wayarsa ba ta hutawa." Duk da haka da zai tafi sai da ya sake cewa marigayi ya cika shagwaɓa yara. Na ga alama faɗan ne yake kewa.

Yana da nasa aibin. Ya san ƙauyen kowane ɗalibi da abin da ubansa yake nomawa, amma rufin ɗakin Inna, matarsa, ya yi damina biyu yana yoyo sai da na turo kafinta. Mutumin da ya koya wa jama'a auna hawan jini, nasa maganin sai an yi rigima yake sha. Inna ta sha yi masa faɗa a kan allurar nan da tsufa ya kama shi.

"Malam, jikin nan naka fa ba na gwamnati ba ne."

"Hannun kawai na ba su aro, Hajiya. Sauran duk naki ne."

"Sauran me ya rage? Ƙashi?"

Ni tawa rigimar da shi a kan 'yata ta fari ce. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka ni Uwata nake ce mata, Kawu kuma yana ce mata Yaya, tunda sunan yayarsa take ɗauke da shi. Tana karatun aikin lafiya a wata makaranta can ta hanyar Kaduna. A rubutu tana cikin na gaba. A jarrabawar aikin hannu kuwa ta faɗi sau biyu, duk a kan nemo jijiya, kuma dokar makarantar ita ce wanda ya faɗi na uku ya tattara kayansa. Da ta zo hutu na ce ta zauna haka nan. Maganar ta kai kunnen Kawu, sai ga shi a sito, ya zauna a kan buhu ba tare da an ce masa zauna ba.

"Alhajin masara, an ce ka hana Yaya komawa makaranta."

"Kawu, sau biyu ke nan. Kuma duk tafiyar da za ta yi, uwarta ba ta iya cin abinci sai an ce motarsu ta fita daji. In mutum zai bi hanyar nan, ya bi ta don abin da zai samu."

"Ka tambaye ta wa yake tsayawa a kanta in ta riƙe allura?"

"Ina ruwana da wanda yake tsayawa? Aiki ko ka iya ko ba ka iya ba."

"Kai ne mai maganar iyawa? Kai da aka zo yi maka allurar zazzaɓi ka haura katangar asibiti, da gemunka?"

Masu dako suka tuntsire da dariya. Gaskiya ce, kuma har gobe ƙwaya nake sha, ba a yi mini allura. Amma a gaban ma'aikatana ya faɗa, raina ya ɓaci. Na ce masa 'yata ce, ni nake da iko da ita. Ya ce, "Yayata ce tun kafin a haife ka."

Da ya ga na ƙi dariya sai ya sauko. Ya ce, "Kai ɗan kasuwa ne, mu yi ciniki. Ka ba ni ita hutun nan. In ta koma ta faɗi, makarantar da kanta za ta dawo maka da ita, ba ka yi asarar komai ba." Na duba na ga cinikin ba laifi, na ba shi hannu. Har yau ban ce tsoron da nake yi wa hanyar nan wauta ba ne. Duk wanda yake da ɗa a wancan gefen dajin ya san abin da nake nufi.

Kwanakin farko Kawu bai fito da allura ba sam. Hira suke yi: me ake dafa musu a makaranta, wace ce ƙawarta, wane darasi ta fi so. A cikin hirar nan ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya mini ba, Inna ce ta ba ni labari. Malamin da yake koya musu aikin hannu a bayanta yake tsayawa yana duba agogo, yana cewa, "'Yar daji, yi sauri, mara lafiya zai mutu kafin ki gama." 'Yan aji su yi dariya. Tun daga nan in ta ɗauki allura ba ta ganin hannun da ke gabanta, muryarsa kawai take ji.

Daga hira suka koma shafa. Ta rufe ido, ta bi hannunsa da yatsa, ta faɗi inda jijiya take, da zurfinta, da inda ta nufa. Kullum haka. Wata rana na biya ta zauren na kasa haƙuri.

"Kawu, hutu yana ƙarewa, har yanzu shafa hannu ake yi?"

"Kai kana zuba masararka a buhu kafin ta bushe?"

"A'a."

"To tafi sito."

Daga baya ya sa mata rana: Alhamis za ta huda shi. Ya rasu ranar Laraba. A cikin duk matsoratan da suka bi ta hannunsa, Uwata kaɗai ce ba ta da wuri a jikinsa.

Bayan addu'ar bakwai ta same ni a ɗaki, idonta a kumbure. Ta ce, "Baba, ka yi gaskiya tun farko. Ba zan koma ba." Abin da na nema ke nan, an kawo mini har ɗaki, kuma ban ji daɗinsa ko kaɗan ba. Na san bambancin wanda ya bar abu don ya auna ya ga bai dace da shi ba, da wanda ya bar shi don an karya masa zuciya.

Na shiga wajen Inna, tana takaba. Ta jawo wata leda daga ƙarƙashin filo ta ajiye a gabana. Allurai ne sababbi guda uku, da safar hannu, da auduga, da robar ɗaure hannu.

"Tun ranar Litinin ya sayo su."

"Uku, Inna?"

"Bai taɓa sayen ɗaya ba. Ba ya sa ran a samu a ta farko." Ta gyara mayafinta. "Ni na miƙa mata nawa hannun, ta ce ba za ta huda tsohuwa mai takaba ba. Kai ne ka yi ciniki da shi. Ya mutu bai cika nasa ba, amma kai kana da rai."

Na ce, "Inna, kin san ni da allura."

"Duk garin nan an sani."

Washegari da safe na sa aka share zauren. Ungozomar Kuyello ta dawo addu'ar bakwai, ba ta riga ta koma ba, na roƙe ta ta zauna tare da mu, don ni ban san daidai da kuskure a aikin nan ba. Ta zauna a gefe, ba a baya ba, ba sai an gaya mata ba. Na zauna a gajeriyar kujerar Kawu, gwiwoyina suna ƙara, na naɗe hannun riga, na aika a kira Uwata. Ta shigo ta ga ledar, ta ga hannuna, ta tsaya.

"Baba, kai?"

"Zauna, Uwata. In kika daɗe zan gudu."

Ta wanke hannu, ta sa safa, ta ɗaure mini damtse. Ta rufe ido tana lalube. Can ta ce, "Baba, jijiyarka ta ɓuya. Ta Kaka, Allah ya jiƙansa, a fili take."

Ungozoma ta ce, "Ribar masara ce ta rufe ta. Danna sosai, 'yata."

Ta ɗauki allurar, na ga bakin allurar yana rawa a hannunta. Gumi ya karyo mini. Sai ta dube ni, ta ce, "Baba, hannunka rawa yake yi." Ta sa ɗaya hannun ta riƙe nawa gam, ta ce in kalli bango, in gaya mata yadda kasuwar masara take a Kusasu. Ina cikin ba ta amsa na saci kallo. Nata hannun ya daina rawa. Ta shagala da tsorona har ta manta da nata.

Ta soka. Zafin ya kai mini har ƙeya, kuma jini bai fito ba. Ta zare, ta danna auduga, na ga leɓenta ya fara motsi. Maganar da ta zo mini baki ita ce, "Kin gani ko?" Ta zo har kan harshe. Na haɗiye ta, na nemo ta Kawu.

"Me yatsanki ya gaya miki?"

Ta ɗago da sauri, don ta san mai tambayar. Ta mayar da yatsa wurin. Ta ce, "Ta gudu gefe. Ban ja fatar ba."

"To ga wata allurar."

A ta biyu na ga jini ya leƙo cikin 'yar robar, ja wur. Ungozoma ta buɗe baki za ta rangaɗa guɗa, ta tuna gidan makoki ne, ta toshe bakin da hannu biyu. Uwata ta gama aikinta tsaf, ta manna mini auduga, ta cire safa, sannan ta kifa kai a kan gwiwata ta yi kukan da ba ta yi ba ranar jana'iza. Allura ta ukun tana nan a ledarta, na mayar wa Inna.

Ni da kaina na kai Uwata tasha, na tsaya har motocin suka taru suka tashi tare da rakiya. Uwarta ba ta ci abinci ba sai da waya ta zo cewa sun fita daji. Ranar jarrabawa Uwata ta kira ni da yamma. Na ce yaya? Ta ce malamin nan ya tsaya a bayanta kamar kullum, da agogonsa, da 'yar dajinsa. Ita kuwa ta tambayi wanda za ta huda daga wane gari yake, ta riƙe masa hannu, ta samu a ta farko. Da sakamako ya fito, ta ci.

Na yi ta juya abin nan a raina kamar yadda nake juya ƙwayar masara a tafin hannu. Yarinyar ita ce dai, kanta bai ƙaru ba, littattafanta ba su canja ba, malamin makarantar ma bai canja ba. Abin da ya ƙaru shi ne ta samu wanda ya zauna ƙasa da ita, ya yarda ta yi kuskure a jikinsa. Kawu ya yi wannan shekara da shekaru, ba a rubuta shi a takardar sallamarsa daga aiki ba, a fatarsa kawai aka rubuta, kuma mun rufe ta da ƙasa.

Allah ya gafarta masa, ya yalwata kabarinsa, ya sa kowane tabo ya zama masa shaida. Allah ya ba Inna haƙuri, ya ba mu ikon gyara mata rufi ba sai ta roƙa ba.

Nawa tabon biyu ne, a cikin gwiwar hannun dama, ɗaya kusa da ɗaya. Sun fara dushewa, sai an lura ake ganinsu. Na riga na gaya wa ƙanena: in shi Allah ya sa zai yi mini wanka, ya duba wurin da kyau, kuma wannan yana iya fita da shi.